Ina Mijina Ya Koyi Tonon Gidan Tururuwa?

Inna Kande, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Yamai, mijina Ishaku kuma malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Tun kafin aure ya ce mini mahaifinsa ɗan kasuwar atamfa ne a Dogon Dutsi, ya rasu da rufin asirinsa. Kawunsa ne ya tsaya masa a coci.

Ran nan maƙwabta suka taru a tsakar gidanmu kallon telebijin. Wasa ne na samariya, ƙungiyar matasan nan, an ce labarin wani mutum ne na gaske da ɗansa, lokacin yunwar shekara goma da ta wuce. Da aka zo inda uban ke tona gidan tururuwa don ya sami tsabar da suka tara, sai Ishaku ya ɗaga murya ya ce ba haka ake yi ba, daga gefe ake farawa, in an fara daga baki ƙasa za ta rufta kan tsabar. Kowa ya juyo. Sai ga hawaye, Inna, a gaban yara! Mutumin da ban taɓa ganin kukansa ba.

Ɗan mai atamfa, ina ya koyi wannan? Tun ranar ba ya son zancen. Kuma yanzu, da hatsi ya yi tsada haka, yakan ɗaura rabin buhu a bayan mobileti, ɗan babur ɗinsa, ya ce za shi unguwar Lazaret, bai ce wurin wa ba. Ko mace ce da ɗa? Ko duk asalin nasa ƙarya ne? Ƙanena Dauda ya ce zai bi sawunsa. In bar shi?

Mai damuwa, daga unguwar Wadata

'Yata, kada ki bar Dauda ya bi shi. A wannan zamani da soji ke neman masu karkatar da hatsin agaji, mutumin da aka ga ana bin sawunsa da buhu a baya, ba ke kaɗai za ki yi masa tambaya ba. Kuma soji in sun yi tambaya ba sa jiran amsa.

Bari mu raba abin da kika sani da abin da kike zato. Kin san ya iya tonon. Wannan ba a lakwal ake koyar da shi ba, don haka labarin atamfa yana da giɓi, kuma kina da hakkin jin haushi. Hatsin ma na gidanki ne. Amma mace da ɗa, babu su a wasiƙarki sai a cikin tsoronki. Ki tuna Lazaret nan ne aka sauke waɗanda waccan yunwa ta koro, wasu ba su koma ba har yau. Ban ce na san wanda yake kai wa ba. Na ce dai kunyar talauci takan sa namiji ya binne uban da ke raye.

Kada ki fara da buhun. Ki zaɓi lokacin da yara ba sa kusa, ki tambaye shi yadda ake tonon daga gefe, da wanda ya nuna masa. Ki yi shiru ki saurara. In ya buɗe baki, ki auna hatsi tiya guda da hannunki, ki ce ya ɗauke ki ku tafi tare. In ya ƙi ɗaukarki, to zatonki ya sami ƙafa, sai a kira kawun nan.

Allah ya kawo ruwa, ya sanyaya gidanku.

Inna Kande