Ni Na Rufe Ramin, 'Yata Aka Zarga

Goggo Setsuko,

Kafin in roƙe ki komai, bari in ja kunnen duk uwar da ke karanta wannan fili: kada ki hau kan ƙanƙara da kayan da ba ki san kansu ba, kuma in ɗanki ya ce miki ba haka ake yi ba, ki tsaya ki saurara. Ni ban saurara ba. Ki taimake ni, Goggo, na rasa inda zan sa fuskata.

Ni uwa ce da ba ta wasa da tarbiyya. A gidana ba a barin ƙwayar shinkafa a kwano, ba a watsar da takalma a bakin ƙofa, kuma duk inda muka zauna sai mun bar shi tsaf. Ranar kwashe shara ni ke tsayawa ina duba jakunkunan mutanen unguwa.

Maigidana ne ke kai 'yarmu Chizuru kamun ƙananan kifin nan wakasagi a tafkin garinmu in ya daskare, tun tana ƙarama. Yanzu shekarunta sha shida. Bana aiki ya kai shi kudu, sai ƙanƙara ta narke zai dawo. Abin huda ƙanƙararsa ya dakushe, na ce ni zan sayi sabo in kai ta. A shago ta nuna siriri na hannu, mai faɗin santimita sha biyar, irin na babanta. Ni kuwa na ɗauki mai batir, mai faɗin ashirin da biyar. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Uwargida, kifin nan fa bai fi ɗan yatsa ba, ko wanka za ki shiga yi?" Na ce masa ni ba na sayen abu rabi-rabi.

Ran Lahadi muka kafa tanti, muka huda ramukanmu, muka kama na suya. Da za mu tashi sai ta karyo rassa ta soka a bakin kowane rami. Na ce wannan wace irin ƙazanta ce? Ta ce, "Mama, haka Baba ke yi, don a gani." Na ce babanta ai safa ma a tsakar ɗaki yake yarwa. Na tuge rassan na zuba a jakar shara, na jawo dusar ƙanƙara da shebur na rufe ramukan, na daddale wurin har ba ka cewa an zauna. Na koma gida ina ganin na koya wa yarinya darasi.

Washegari Baba Kumagai, tsohon da ya koya wa rabin garin nan fatsa, ya zurma ƙafa cikin ɗaya daga ramukan har cinya. Idon sawunsa ya karye. Wani mai tanti a kusa ne ya ji ihunsa ya jawo shi.

Kowa ya san gidan da ke da babban abin huda, amma ba wanda ya kawo ni a ransa. Aka ce aikin Chizuru ne. Masu kula da tafki suka hana 'yan makaranta hawa ƙanƙara, ƙawayenta suka daina jiranta a tashar bas. Maƙwabciyata ta tare ni ta ce, "Sannu, Maman Chizuru, yaran yanzu sai haƙuri, duk ƙoƙarin nan naki!" Goggo, na sunkuya na yi mata godiya. Ni da na taɓa hana yarinyar nan abincin dare don ta ɓoye mini ta fasa kofi.

Chizuru ba ta tona ni ba. Ta ci abinci, ta wanke kwanonta, ta ce an gode, kamar baƙuwa a masauki. Ran Asabar akwai taron unguwa, an ce ta zo ta ba da haƙuri. In na miƙe na ce ni ce, da wane baki zan ƙara yi wa wani faɗa, har ita kanta? Ba gara ta daure ba, tunda yarinya ce, za a manta? Ni dai na kulle abin hudan a sito, na kuma kafa doka: daga yau ba wanda zai ƙara taka ƙanƙara daga gidan nan.

Uwa mai sunkuye da kai, daga gabashin Hokkaido

*

'Yar'uwa,

Ba mugunta ta sa kika rufe ramukan nan ba. Tsabtar da ke gyara gida ce kika kai inda take cutarwa: dusa tana ɓoye rami, tana kuma hana shi saurin daskarewa. Wannan rashin sani ne. Na kuma san nauyin suna a ƙaramin gari. Amma godiyar da kika yi wa maƙwabciyarki da saninki kika yi ta, kuma ita ce Chizuru ke kallo.

Garin zai manta, gaskiyarki. Ita ba za ta manta ba.

Ki fara da ita, yau. Ki ce, "Ke kika yi daidai, ni na yi kuskure, na kuma bari aka zarge ki." Kada ki sa "amma" a ciki. Gobe ki sayi kwalin kek ɗin wake ki je wurin Baba Kumagai ke kaɗai, ki faɗa masa da bakinki, ki tambayi abin da gidansa ke buƙata har ya miƙe. Ran Asabar ke za ki tashi, ki roƙi a buɗe wa yara tafkinsu.

Dokarki kuwa, ki janye ta. Yarinyar da ta san aiki ce dokar ke hukuntawa karo na biyu. Babban abin hudan ki sayar wa masu neman manyan kifaye, ki sayo wanda ta nuna. Sha biyar ya ishi wakasagi, ƙafa kuma ba ta shiga. A riƙa mayar da murfin kaifinsa da an gama. Ku tambayi masu kula da tafki kaurin ƙanƙara kafin ku hau, in bai kai santimita sha biyar ba ku koma gida, ku kuma nisanci bakin rafi. Ku tafi da igiya da ƙusoshin kama ƙanƙara rataye a wuya, kada ɗaya ta je ita kaɗai. In kun kunna risho a tanti, a bar kafar iska ko sanyi zai cire kunne. Kowane rami a bar shi da alama.

Bakin faɗa da kike tsoron rasawa, za a yi miki dariya na ɗan lokaci, ki shanye. In kika zauna shiru ita ta miƙe, unguwa za ta ci gaba da jin maganarki, 'yarki ce za ta daina.

Ina yi wa Baba Kumagai fatan samun sauƙi, ke kuma ƙarfin gwiwar miƙewa.

Goggo Setsuko