Na ba mijina maganin da aka ce ni kaɗai zan sha

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ina cikin takaba yau kwana talatin da takwas, kuma akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba.

Shekarata talatin da huɗu, muna zaune a Takur cikin Dutse, yara biyu, duka lafiyarsu ƙalau. Ni da maigidana mun shekara bakwai da sanin muna ɗauke da HIV, a wajen awon cikin 'yarmu ta biyu aka gano. Ba mu taɓa tsayawa binciken wa ya sa wa wani ba. Shi direba ne, yana jigila tsakanin Dutse da Ringim, wani lokaci har Kano. Kullum ƙwaya ɗaya ni ɗaya shi, kuma a dangi babu wanda ya sani, ko mahaifinsa Malam da ke da makarantar allo a Ringim.

Bara a asibitin da muke karɓar magani wata nas ta kira mu gefe, ta ce ana gwajin sabon haɗi, magani biyu a cikin ƙwaya ɗaya maimakon uku da muke sha, ana son a ga ko yana danne cutar kamar tsohon kuma ko ya fi sauƙi a jiki. Ta ce ba dole. Muka yarda, aka ɗebi jininmu. Bayan sati biyu aka ce ni na dace, shi kuwa ba za a sa shi ba saboda an ga ƙwayar ciwon hanta a jininsa, ya ci gaba da tsohon. Likita ya yi bayani da tsawo, gaskiya ban riƙe komai ba, hankalina yana kan fom ɗin da zan sa hannu. Na dai tuna an karanta min cewa kada in ba kowa maganin.

Sabon ya karɓe ni sosai. Shi kuma dama ya daɗe yana kukan tsohon yana sa masa nauyin kai da kasala da safe, ga shi da sitiyari a hannu da rayukan mutane a baya. Ya fara cewa in ba shi nawa ya gwada na sati ɗaya. Na ƙi, muka yi kwana uku ba ma magana sosai, ya ce likitoci tsoronsu ya yi yawa, hantar da ba ta taɓa yi masa ciwo ba. Ranar da ya dawo ya ce saura kaɗan ya afka wa mai keke a Kiyawa saboda jiri, ni da hannuna na miƙa masa kwalbata na ɗauki tasa. Sati ɗaya ya zama wata huɗu. Ya ji daɗi, ya daina ƙorafi. Ni kuma duk wata ina zuwa a ɗebi jinina, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage, lissafi ya fita daidai tunda kullum ana shan ɗaya. Nas ta ce min, "Hajiya, sabon nan yana yi miki aiki." Na ce alhamdulillahi.

Sai idonsa ya fara yin ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, abinci ya ƙi shiga. Ya ce ciwon shawara ne, ya tafi Ringim, Inna mahaifiyarsa ta yi ta ba shi jiƙe-jiƙe kwana goma. Da aka dawo da shi asibiti cikinsa ya kumbura, ba ya gane mutane sosai. Kwanansa shida ya rasu, da hantsi, ina riƙe da kofin ruwa. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Mata suna cewa ina da tawakkali. Ni dai ina tashi, in yi salla, in dafa abinci, in zauna.

Satin da ya wuce na je asibiti, na kira Malam a waya na ce masa ciwon ciki ne ya sa zan fita, ya ce larura ce babu laifi. Likitan gwajin ya yi min gaisuwa, sannan ya ce, "Akwai abin da ya tsaya min. Yana shan maganinsa kullum kuwa?" Na ce yana sha. Ya ce tsohon maganin akwai wani a cikinsa da ke danne ƙwayar hantar ma, sabon ba shi da shi, idan mai irin wannan ya daina sha tana iya tasowa da ƙarfi, shi ya sa tun farko ba a sa shi ba. Ya ce to wataƙila jiƙon ne, Allah ne masani. Na ce haka ne. Na karɓi kwalbata na hau adaidaita, a hanya ma na tsaya na sayi tumatir.

Yanzu ga inda nake. Tun rasuwarsa na koma shan sabon. Amma wata huɗu na sakamakon jinina da suka rubuta da sunan sabon magani, na tsohon ne, kuma da irin wannan rubutun za a yanke ko a ba wasu mutane sabon. A takardarsa an rubuta ya rasu yana kan tsohon, ba haka ba ne. Na ji Inna, da take zaune da mu tun rasuwar, tana ce wa ƙanwarta ko jiƙonta ne ya yi masa yawa, ba ta ko iya kallon yaran. Idan na wanke ta, sai na faɗi cutar da ya ɓoye musu shekara bakwai, yaran nan kuma a gidan su Malam za su tashi. Idan na faɗa wa likita ban san ko za a cire ni daga gwajin ba, ko maganar za ta tsaya a ofis ɗinsa.

Ba tsoron hukunci nake ba, ba na jin komai ma. Ranar Laraba zan koma asibiti. In faɗa wa likita ko in yi shiru? Inna fa, in bar ta da zargin kanta? Masu ilimin addini a cikinku kuma ku gaya min ko akwai kaffara a kaina, don ni na miƙa masa.