Allurar Ilu

Daren Talata, watan Safar

Yau kwana bakwai da rasuwar Ilu, har yanzu ba wanda ya zauna a buzunsa a zauren ɗinkinmu. Ranar da ya ce mini, "Maigida, ƙirjina na ciwo, bari in je gida Kakangi in huta," cewa na yi sai mun gama rigar da Di'o, Baturen mulki, zai ba Hakimi. Bai musa ba.

Ɗazu na ɗauko rigar, na tarar da allurarsa soke a wuyan rigar, da zarenta. Na kasa cire ta.

Da Tanko, wani yaron ɗinkina, ya yi tari sau biyu, na karɓe aikin hannunsa, na ce, "Tafi gida ka kwanta." Ya daɗe yana kallona, don bai taɓa jin haka a bakina ba.