Buba Ya Samu Keken Hannu

Zuwa ga ƙanwata Dudu, a Maiduguri.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya maigidan da yara? Mu nan Limawa sai godiya.

Tun bara nake jin wai gwamnatin jiha na ba guragu keken hannu. Na ɗauka zancen tasha ne. Sai Malam Haruna, maƙwabcinmu mai aikin asibiti, ya ce mu kai ɗanki Buba ofishin jin daɗin jama'a, ya kuma raka mu.

To, kin san Buba da fulako. Akawu ya tambaye shi, "Yaya ƙafafun?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi."

"Kana iya zuwa kasuwa?"

"Mun gode Allah."

Mutumin da rabonsa da kasuwa tun da ƙafafun suka shanye! Akawu har ya fara sallamarmu. Malam Haruna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko rigarsa ta kama wuta, da sauƙi zai ce. Zo gida ka gani." Ya zo kuwa, ya tarar da shi yana jan jiki zuwa masallaci, gwiwoyi duk kanta. Bai ƙara tambaya ba.

Ki gaida Goggo Nenne, ku taya mu addu'a Allah ya saka wa Malam Haruna.

Labarin isowar keken na ji shi a bakin mutane da dama. Na ƙarshe Buba ne, da ya tuƙo shi har ƙofata ya yi sallama da kansa.

Yayanki,
Hamma Umaru