Ƙurar Faiba a Garin Tuwo

Daren Laraba, Suleja

Duk wanda ya karanta wannan ya kiyaye: ba a gyaran babur kusa da abinci.

Na kasa barci. 'Yata Ummi tana gefena tana tari, ta sosa wuyanta har ya yi ja.

Ɗana Sadik ne ya jawo mana. Robar gaban babur ɗinsa ta tsage, maimakon ya kai wa mai gyara sai ya sayo faiba, wani farin ƙyalle mai zaren gilashi, da gam mai warin tsiya. Ya liƙe tsagar ta ciki, da ta bushe ya zauna a tsakar gida yana gurza ta da samfefa, daf da tabarmar da na shanya garin masara. Ƙurar fara, garin fari, ban lura ta zuba a ciki ba. Da shi na tuƙa tuwon dare, kuma Ummi ta fi kowa ci.

Sai da na ga hannunsa ya yi ruɗu-ruɗu na tambaya. Wai, “Haba Umma, ƙaiƙayi ne kawai, gobe ya wuce.”

Na ce, “Wannan hannunka ne mai kanta. Cikin ƙanwarka fa?” Ya sunkuyar da kai. Ƙato har da gemu, amma bai iya duba gefensa ba.

Na zubar da sauran garin, ko kaji ban ba su ba. Da safe sai asibiti. Ya Allah, ka sa abin bai taɓa mata hanji ba.

Daga yau babur ba ya wuce zaure. Mai son gyara ya yi a waje, ya wanke hannu, ya sake riga kafin ya shigo min gida.