Ruwan da Na Rage wa Baba

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aikin asibiti, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da Baba ya faɗo daga kan gini aka sa masa robar fitsari, ni nake juye jakar da fitsarin ke taruwa a bokiti, don Umma tana wuni wurin aiki. Kafin in kai makewayi sai na ratsa tsakar gidan haya, 'yan matan ɗakin ƙarshe suna toshe hanci suna cewa, "A ba mai turare hanya!" Shi ne na rage masa ruwa daga kofi takwas zuwa biyu, don jakar ta daina cika. Yanzu fitsarin ya yi ja kamar shayi, jikinsa zafi, yana dafe kwiɓi. Goggo, ni na jawo?

Ki huta lafiya.
Ɗiyarki

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa tana nan tana mulkinta.

Ajiye kuka ki saurara. Mutum yana da ƙoda biyu a baya, ƙasan haƙarƙari, su ke tace jini su fitar da fitsari. Kowace tana da siririn bututu da ke gangarawa mafitsara. Daga mafitsara hanya ɗaya ce ta fita waje, a nan aka zura robar. Ruwa ke wanke hanyar nan. In ya yi ƙaranci, ƙwayoyin cuta sukan bi robar su hau mafitsara, su wuce har ƙoda. Ciwon kwiɓin nan shi ya tayar min da hankali. Ku kai shi asibiti yau, ki gaya wa likita gaskiya.

Masu toshe hanci kuwa, su nasu fitsarin zuma ne?

Laifinmu ne mu manya da muka bar miki wannan kaya. In ya ji sauƙi ki dawo wurina ki shiga sakandare, zan samo mai kula da yayana.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

Goggo,

Bayan gaisuwa, kwananmu tara a asibiti, jiya aka sallame mu. Likita ya ce cutar ta taɓa ƙodar hagu, ba lalle ta koma yadda take ba.

Da ya tambayi wa ke ba shi ruwa, na buɗe baki ke nan Baba ya riga ni. Ya ce, "Ni ne mai taurin kan, likita. Ta kawo, in ƙi." Likita ya yi ta masa faɗa a gaban Umma, shi kuwa yana kallon silin. Da suka fita ya ce min, "Uwata, ina jin abin da 'yan matan nan suke ce miki ta taga. Ko biyun ma da kunya nake sha."

Ashe duk watan nan yana kwance da ƙishirwa, yana sane, bai taɓa cewa in ƙaro ba.

Na gode da maganar makaranta, amma ba zan zo bana ba. In baƙo ne zai riƙa ɗaukar bokitin, na san Baba, zai daina sha gaba ɗaya. Ban nuna masa wasiƙarki ba, don zai ce in tafi. Don Allah ke ma kada ki gaya masa.

Yau ya sha kofi bakwai.

Ki gaida mutan gida.
Ɗiyarki