Kanwa a Ƙofar Jirgi

Makka, daren Talata, Rajab 1385

Alhamdu lillahi, yau zan yi barci.

Kwana uku ke nan da Isa ɗan marigayi maƙwabcina ya kawo mini ƙofar ƙaramin tsohon jirgin saman da suke gyarawa a Jidda, don in kankare mata fenti. Ya bar mini gwangwanin maganin cire fenti da ludayin itace, ya ce kada ƙarfe ya taɓa ta. Na san tausayi ne ya sa ya ba ni aikin. Tun rasuwar matata Hajiya, shi kaɗai ke hawo tudun nan ya gaishe ni.

Maganin ya ƙare, saura kusurwa ɗaya. Sai na jiƙa kanwa na shafa, yadda muke yi wa ƙwarya mai maiƙo a Kano. Fentin ya saki, amma alminiyam ɗin ya yi baƙi ƙirin. Jiya ko shayi ban iya sha ba. Na ce shi ke nan, na jawo masa kora, ni kuma na rasa mai sallama.

Yau da la'asar Isa ya zo, na nuna masa wurin. Ya duba, ya yi dariya.

"Baba, jirgi ka samu ko miyar kuka? Ma'alesh, ba komai. Akwai tsamiya a gidan nan?"

Muka goga ruwan tsamiya har magariba. Baƙin ya tafi, har na hango farin gemuna a jikin ƙofar.

Kafaɗata tana ciwo. Ya ce Juma'a zai kawo ɗaya ƙofar, amma ya tafi da kanwata a aljihu.